Begen da Ba Ya Ƙarewa a Bakin Kabari

A farkon watan Janairun 2020 mayaƙan Boko Haram suka afka wa garin Michika da ke jihar Adamawa, suka yi awon gaba da Rabaran Lawan Andimi, fasto a Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar. Ba a daɗe ba suka saki bidiyonsa. Duk wanda ya saurari jawabin da kunnen basira zai ji abu biyu waɗanda mutane da yawa ke ganin ba sa shan inuwa ɗaya. Ya roƙi abokan aikinsa da gwamnan jiharsa, Ahmadu Fintiri, su yi ƙoƙarin ganin an sake shi, ya ce yana sa rai zai koma ga matarsa da 'ya'yansa. A zama guda kuma ya ce ko da hakan bai samu ba, zuciyarsa ba ta karaya ba, gama al'amarin yana hannun Allah, ya roƙi nasa kada su yi ta kuka da damuwa. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. A jawabin nan ake ganin begen Kirista a ainihin siffarsa: mutum yana son ransa, yana neman kuɓuta ta duk hanyar da ta halatta, amma bai jingina tsayuwarsa a kan kuɓutar ba. A ganina irin wannan bege kaɗai ke iya ɗaukar nauyin da ikilisiyar arewa ke fama da shi tun daga rikicin Kafanchan a 1987 har zuwa kisan Bokkos a Kirsimetin 2023, kuma shi ne ya fi ƙaranci a wa'azin da ake yi mana yau.

To, a kan me begen ya tsaya? Ba a kan cewa gobe za ta fi yau ba. Bahaushe ya ce komai nisan dare gari zai waye, magana ce mai sanyaya rai, amma akwai dubbai a Gwoza da Madagali da Riyom waɗanda garin ya waye ba da su ba, kuma bangaskiyar da ba ta da abin faɗa game da su ba ta isa a dogara da ita ba. Begen Kirista ya tsaya ne a kan abu guda da ikilisiya ke shaida ya riga ya faru: an gicciye Yesu Almasihu, an binne shi, ya tashi daga matattu, kuma tashinsa somin tashin dukan nasa ne. Manzo Bulus bai ɓoye girman abin da ya rataya a nan ba. A sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa ya ce in Almasihu bai tashi ba, wa'azin banza ne, masu bi kuma su ne abin tausayi fiye da kowa. Shi wannan mutumin ne, a wasiƙa ta biyu, ya lissafa abin da ya sha: sau biyar an yi masa bulala talatin da tara, sau uku an doke shi da sanduna, an taɓa jifansa da duwatsu, sau uku jirgi ya farfashe da shi a teku, har ya yarda cewa a ƙasar Asiya wahala ta taɓa kai shi ya fid da rai. Amma duk da haka a wasiƙar nan ya kira wahalar masu bi abu mara nauyi kuma mai wucewa. Wanda bai san tarihinsa ba zai zaci maganar ɗan hutu ce. Bulus bai rage wa azaba nauyi ba ko kaɗan. Abin da ya ɗora a ɗaya gefen ma'aunin ne ya rinjaya, wato rai madawwami da jiki sabo da shari'ar da ba a saye ta da kuɗi.

A nan ne nake da babbar jayayya da irin wa'azin da ya mamaye majami'u da yawa, na birni da na ƙauye, inda ake koya wa mutane cewa mai cikakkiyar bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, harsashi ba ya kama shi, kuma wahala ba rabonsa ba ce. Littafi Mai Tsarki bai yi wa kowa wannan alkawari ba. A sura guda ta Ayyukan Manzanni, ta 12, sarki Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku, kuma babu inda aka ce Bitrus ya fi Yakubu addu'a. Sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya, nan take ta jera waɗanda takobin ya ci, su ma ta wurin bangaskiya. Mu ma mun gani da idonmu. A Janairun 2020 an sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau kusa da Kaduna. Uku suka dawo, ɗan shekara 18 mai suna Michael Nnadi kuwa gawarsa aka samu. A Dapchi an kwashe 'yan mata 110 ranar 19 ga Fabrairun 2018, wasu suka mutu a hannun maharan, aka mayar da sauran bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu, wadda abokan karatunta suka ce ta ƙi musun bangaskiyarta. Me mai wa'azin wadata zai faɗa wa iyayen waɗannan? In koyarwarsa gaskiya ce, sai dai ya ce bangaskiyarsu ce ta gaza, ko baikonsu ne bai kai ba. Haka abokan Ayuba suka yi, suka nemo wa wahala laifi a jikin mai wahala, kuma a ƙarshen littafin Allah ya ce musu ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Wannan koyarwa tana da daɗi ranar biki, amma ranar jana'iza ita ke ƙara wa gwauruwa nauyin laifi a kan nauyin rashi, ita ce kuma ke fitar da matasa daga ikilisiya da zarar alkawarin da Allah bai yi ba ya ƙi cika.

Sai dai masu sukar maganar lahira su ma suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko ita ce ana amfani da bege wajen toshe bakin mai kuka. Wannan gaskiya ne, yana faruwa. A gidan makoki za ka ji ana ce wa matar da aka kashe wa miji shekaranjiya ta share hawaye, ai yana wurin Ubangiji, kuka rashin bangaskiya ne. Masu faɗa da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma sun fi Nassi tsanani. Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru, ya san zai ta da shi nan da ɗan lokaci, amma ya yi kuka. Da aka jejjefe Istifanus, mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi da makoki mai zafi. Manazarta na ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura koke ne, wasu ma ƙorafi ne kai tsaye ga Allah a kan shirun da ya yi, kuma Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da ko kalmar ta'aziyya ɗaya ba, amma ba a cire ta daga Littafin ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na wanda ba shi da abin sa rai, bai hana su baƙin cikin ba. Hasali ma wanda ya tabbata cewa mutuwa abokiyar gaba ce da za a hallaka, shi ya fi kowa ikon ƙin sabawa da ita. Mai cewa haka duniya take, shi ke saurin yin shiru. Don haka ikilisiyar da ba ta da wurin kuka a sujadarta ba begenta ne ya yi yawa ba, tsoron tambayoyin 'ya'yanta take yi.

Suka ta biyu ta fi kaifi, kuma tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 19 Karl Marx ya kwatanta addini da ƙwayar da ke kwantar da zafi ta bar cutar, kuma a Nijeriya ba sai an karanta shi ba kafin a ga abin da yake nufi. Duk lokacin da aka yi kisa, sanarwar masu mulki ba ta wuce a yi haƙuri a ci gaba da addu'a. Wane ɗan siyasa ne ba zai so talakan da idonsa ke sama kawai ba? In begen lahira na nufin a naɗe hannu a jira ƙaho, to mai sukar ya yi gaskiya. Amma a duba yadda abin yake a inda aka ɗauke shi da gaske. Surar tashin matattu da na ambata ta rufe ne da kira ga masu bi su dage da aiki domin wahalarsu ba ta banza ba ce, kuma maganar da ta biyo baya nan take ita ce tara gudummawa ga matalautan Urushalima, kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako. Daga ɗaukakar sama zuwa asusun mabukata, babu ko tazara. Bulus ɗin da ke marmarin tafiya wurin Almasihu shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce sai mahukuntan da suka doke shi ba bisa doka ba sun zo da kansu, shi ne kuma daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A tsakiyar ƙarni na uku, da annoba ta auka wa birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, mutane na gudu suna barin majinyatansu, bishop Sifiriyan ya tara masu bi ya ce su yi jinyar marasa lafiya, har da waɗanda ba Kirista ba, alhali bai daɗe ba da aka gama tsananta musu. Shi kansa an fille masa kai a 258. A Yuganda, Babban Bishop Janani Luwum ya ƙalubalanci Idi Amin a kan kisa da ɓatar da mutane, aka kashe shi a Fabrairun 1977. A gida kuma, a wurin jana'izar Michael Nnadi, Bishop Matthew Hassan Kukah bai tsaya ga ta'aziyya ba, ya dubi gwamnatin lokacin ya faɗa mata gazawarta a fili, kuma ranar 1 ga Maris na 2020 bishop-bishop na Katolika suka fito kan titunan Abuja sanye da baƙaƙen kaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makamin ƙarshe na azzalumi shi ne tsoron mutuwa, da shi yake sayen shirun mutane. Wanda ya gaskata cewa kabari ba shi ne ƙarshen zance ba, an rage wa wannan makami kaifi a kansa. Manomi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yana jure yunwa yana noma ne saboda ya san kaka na tafe. Wanda ya fid da ran girbi shi ke ajiye fartanya. Inda duk ka ga maganar sama ta haifi ragwanci, ka bincika, za ka tarar an yanke rabin koyarwar ne, an bar wa mutane hutun lahira an ɓoye musu hisabinta, wanda a cikinsa, bisa ga Matiyu 25, za a tambayi kowa game da mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku.

Akwai suka ta uku wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba, amma ita ce ta fi damuna. Ai ɗan ƙunar baƙin waken da ya tayar da bam a cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011 shi ma lahira yake hange. Waɗanda suka karkashe masallata a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014 su ma sun raina mutuwa, kamar yadda aka koya musu a akidar da malaman Musulunci da dama suka yi tir da ita, wasu har suka rasa rayukansu a kan haka. Ashe hangen lahira ba shi ne ke sa mutum ya ɗauki ran duniya da arha ba? Amsata ita ce ba raina mutuwa kawai ake dubawa ba, sai an tambaya mutuwar wa aka raina. Wanda Kirista ke bi ya tafi ga tasa mutuwar ne, ya hana Bitrus zare takobi domin kare shi, ya kuma roƙa wa masu gicciye shi gafara. Hangen madawwami na gaskiya yana ƙara wa ran ɗan Adam tsada, domin in kowane mutum zai wanzu har abada, to makwabcinka, har da maƙiyinka, ba abin da za ka kawar ba ne kamar ciyawa. Kuma in akwai ranar da Allah zai yi shari'a ba son kai, ramuwa ta fita daga hannunka. Abin da Romawa 12 ke koyarwa ke nan, sura ta gaba kuma ta ɗora alhakin hukunta mai laifi a wuyan hukuma. Masanin tauhidin nan ɗan Kuroshiya, Miroslav Volf, wanda ya yi rubutu bayan yaƙin da ya wargaza Yugoslabiya, ya nuna cewa mutumin da aka ƙone wa gida aka kashe wa dangi ba zai iya ajiye makami ba sai ya tabbata akwai Mai shari'a da ba zai manta ba.

A nan dole a faɗi abin da ba shi da daɗi. Ba kowane lokaci Kiristocin arewa suka riƙe wannan ba. A Yelwan Shendam a 2004, a Kuru Karama a 2010, a Zonkwa bayan zaɓen 2011, an kashe Musulmi da yawa, cikinsu har mata da yara, a hannun mutanen da ke amsa sunan Kirista. Ko wane irin zafi aka sha kafin nan, wannan ba aikin masu bege ba ne, aikin waɗanda suka yanke ƙauna ne, suka ƙudura cewa in ba su rama yau ba babu mai rama musu har abada. Tsaron ƙauye da dare domin kare iyali wani abu ne dabam, kuma ana iya tattauna iyakarsa; tare hanya a farauci matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba kuwa babu ayar da za ta wanke shi. A ɗaya gefen akwai EYN, ikilisiyar da aka dasa a Garkida a 1923 daga cikin masu koyarwar ƙin ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, an ƙone majami'unta masu yawan gaske. Ba ta kafa rundunar ramuwa ba. Ta koma, ta sake gini, ta raba kayan agaji har ga Musulmin da bala'in ya shafa tare da ita, ta yi bikin cika shekara 100 a 2023. Akwai kuma Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a wani rikici a 1992 lokacin yana jagorantar matasa masu faɗa, daga baya ya haɗa kai da tsohon abokin gabarsa, Imam Muhammad Ashafa, suka yi shekaru suna sasanta al'ummomi, har da na Yelwan Shendam ɗin.

Saura mai cewa duk wannan ya yi kyau, amma in tashin matattun ba gaskiya ba ne fa? Ba zan ce son abu na mayar da shi gaskiya ba, kuma Bulus da kansa ya riga ya amince cewa in babu tashi, komai ya rushe. Hujjar Kirista shaida ce: mutanen da suka watse da tsoro daren da aka kama malaminsu, bayan 'yan makonni suka fito a birnin da aka kashe shi suna cewa sun gan shi da rai, suka kuma jure ɗauri da bulala, wasunsu har kisa, ba su janye ba. Kowa na da damar auna wannan shaida. Amma mai ƙin ta shi ma ya dubi abin da ya rage masa. A shari'ar ta'addanci da ta haɗa da harin Madalla an yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai a 2013, kuma ana tunawa da hukuncin ne saboda irinsa ba su da yawa. Dubban da ke kwance a kaburburan bai ɗaya a Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da Zamfara da Borno, Kirista da Musulmi, galibinsu ba a taɓa gurfanar da kowa a kan jininsu ba. In babu wata kotu bayan ta duniya, shari'arsu ta mutu tare da su. Ni ban ga yadda wannan matsayi ya fi ƙarfafa wa mai neman adalci gwiwa ba.

Abin da ya rage aiki ne, kuma yawancinsa na fastoci ne da dattawan ikilisiya. Ba a koya wa mutum bege ranar da masifa ta sauka. Ranar nan abin da ya riga ya shiga jikinsa shi zai fito. Don haka tashin matattu bai kamata ya zama wa'azin Ista da jana'iza kaɗai ba, kuma yaran makarantar Lahadi da suka san labarin Daniyel a ramin zakuna ya kamata su san na Istifanus ma. A kuma tuna ba duk wahala ce tsanani saboda bangaskiya ba. Mai ciwon sikila, matar da ta rasa ɗa a wurin haihuwa, magidancin da tsadar masara ta hana shi barci, su ne suka fi yawa a kan benci ranar Lahadi, kuma su ne aka fi gaya wa cewa da sun ƙara shuka iri a bagadi da sun fita daga halin da suke ciki. Waɗannan na bukatar a zauna da su kamar yadda abokan Ayuba suka zauna kwana bakwai kafin su buɗe baki su ɓata. Zumuntar Mata ta daɗe tana yin haka ba tare da an yaba mata ba, da tukunyar abinci da waƙa da kwana a gidan rashi, kuma ya dace kasafin kuɗin ikilisiya ya bi sahunta: hayar ɗakin gwauruwa da kuɗin makarantar maraya su riga sabon fenti da motar fasto. Kowace gunduma ta ikilisiya kuma ta rubuta sunayen waɗanda aka kashe mata, da rana da wuri, ta ajiye, ta samu lauyoyi daga cikin 'ya'yanta su riƙa bin ƙararrakin a ofishin 'yan sanda da kotu, shekara bayan shekara, ko da gwamnati ta sauya sau nawa.